Dankalin Bakin Burtali

Yanzu a cikin Ƙaura nake zaune, gidan ɗana, a ɗakin da ke kusa da zaure. Ba son birni ya kawo ni ba. Ƙauyenmu yana can gefen Banga, kuma fadamar da na ƙare ƙuruciyata a cikinta ta zama wurin da ba a zuwa sai an yi tambaya, an sake tambaya, sannan a tafi ana waiwaye. Barin gida da ciwo, amma abin da ya fi damuna shi ne yadda mutane suka koma kallon juna. Mutum zai yi maka sallama a bakin masallaci, kafin ya gama gaisuwa ka riga ka dubi takalminsa, kana tunanin daga ina ya fito, kuma wa zai kai wa labarinka. Baƙo ya tambaye ni hanyar kasuwa, sai in tsaya ina nazarin me ya sa ni ya zaɓa cikin mutane. Yaran yanzu sun ɗauka haka duniya take tun asali. Ba haka take ba. Na san lokacin da zargi baƙo ne a gidanmu, na kuma san shekarar da ya fara shigowa. Cikin buhun dankali ya shigo.

A lokacin ban daɗe da aure ba. Mahaifinmu ya rasu, gandu ya koma hannun yayana, ni ina bin sa. Muna da gona a tudu inda muke gero da dawa, muna da 'yar garka a fadama inda muke albasa da tattasai idan ruwa ya ɗauke. Garkar doguwa ce, siririya. Daga gefe ɗaya akwai rijiyarmu da jigonta, daga ɗaya gefen shingen ƙaya, bayan shingen kuma burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa gulbi. Idan na rufe ido har gobe ina jin kukan jigon nan, icen yana gugar ice, guga ya faɗa ruwa, ya taso yana zuba. Kowace garka da muryar jigonta, har kana iya sanin wanda ya makara daga gida. Idan iska ta juyo daidai, sai ka jiyo jiniyar jirgi daga tashar Ƙaura, siririya, kamar daga wata duniya. Yanzu inji ke ban ruwa, yana ihu tun safe, mutum ba ya ma jin sallamar maƙwabcinsa. Ya fi sauri, ban musa ba. Amma da jigo kana ban ruwa kana hira da na kusa da kai, ka san abin da ke ransa kafin ya zama wani abu.

Da an gama girbi an kwashe dammuna, sai Ardo ya iso da shanunsa. Dattijon Bafulatani ne, dogo, mai ƙarancin magana, abokin mahaifinmu tun suna samari. Yakan kafa rugarsa a gonarmu ta tudu, shanu su ci kara, su kwana nan, su bar mana taki. Bayan 'yan kwanaki a matsar da turaku gaba, har gonar ta sha kaf. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara wannan, haka muka taso muka tarar. Da safe kukan maruƙa ke tashe mu, da hantsi matarsa ta biyo ƙofar gidanmu da ƙwarya a ka tana kiran nono, Inna ta fito da gero a faifai su yi musanya, su zauna su yi ta hirar ciwon ƙafa da aurarrakin 'ya'ya. Inna takan ce rabin tuwon da muke ci na shanun Ardo ne, kada mu manta. Ardo ne ya riƙe makarar mahaifinmu ta gefen kai, shi ya sa muke ce masa Baffa.

Wata ranar kasuwa yayana ya tafi Ƙaura da buhun gyaɗa a kan jaki, ya dawo da wani buhu dabam. Ya ce a bakin tasha ya haɗu da wani mutum da ke kawo kaya daga wajen Jos, suka yi musanya. Dankalin Turawa ne, iri. Mutumin ya gaya masa yana son sanyi, kuma in ya yi kyau ma'aikatan tasha da masu abinci na gari za su kwashe tun a bakin garka. Mu dankalin da muka sani na Hausa ne, mai zaƙi, wanda ake yanka jijiyarsa a dasa. Wannan kuwa wai ɗan ake binnewa gaba ɗaya. Inna ta ɗauki guda ta juya, ta shinshina, ta mayar. Ba ta kiran sunan yayana, ɗan fari ne, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. In tana da abin faɗa masa sai ta dube ni ta faɗa. Ranar ta dube ni ta ce ita ba ta yarda da abincin da sai an binne abinci kafin a same shi ba, kuma mutumin da ya ba da wannan ya karɓi gyaɗa ya san abin da ya sani. Yayana ya yi kamar bai ji ba. Mutum ne mai zuciya, mai son a ce shi ya fara, kuma tunda gandu ya dawo hannunsa yake neman abin da zai nuna wa dattawan gari cewa gidan bai mutu da mahaifinmu ba.

Da sanyi ya fara shiga muka yi kunyoyi tun daga bakin rijiya har shinge. Muka jingine buhun a gindin jigo, ina ɗebowa a ƙwarya, yana binnewa. Daga wajen rijiya muka fara. Na saman buhun manya ne, wasu kamar ƙwan kaza, wasu sun kai goriba, kowanne da idanu da yawa sun fara tsiro. Da muka yi nisa sai suka riƙa ƙanƙancewa. Kafin mu isa kunyoyin bakin shinge abin da ya rage a gindin buhu bai wuce girman kanya ba. Muka binne su duka. Ba wanda ya yi tunanin komai, domin a gero ƙwaya ƙarama da babba duk kara ɗaya suke fitarwa, mun ɗauka kowane iri haka yake.

Na wajen rijiya suka fito da wuri, kowane gindi da rassa da yawa, kauri, ganye baƙi ƙirin don kyau, har suka rufe kunya. Mutane suka riƙa ratsowa kallo. Na bakin shinge kuwa sai da muka gaji da jira. Da suka fito, kowanne ɗan sanda guda, siriri, ga gibi nan da can inda ba abin da ya tsiro. Ruwa ɗaya muke ba su, taki ɗaya. Yayana ya ƙara musu ruwa, ya ƙara toka, ba su motsa ba. Duk wanda ya zo kallo sai ya yaba na farko, ya taka zuwa ƙarshe, sannan ya dubi burtali. Wannan kallon shi ya fara ɓata abin. Ba wanda ya fito ya ce ga shi, amma kowa ya bar ɗan abu. Wani ya ce ƙasar da shanu suka tattake ba ta sakin iri. Wani ya ce yaran makiyaya ba abin da ba su tonawa su gasa a daji. Wata tsohuwa ta gaya wa Inna baki ne, a nemi rubutu a yayyafa. Ni kuwa mutumin tasha nake zargi, ina ganin ya haɗa mana da mataccen iri, amma ban san ta yadda zan nuna ba, tunda rabin garkar ya yi kyau.

Sai wata safiya yayana ya kira ni bakin shinge. Ƙayar ta ɗan kwanta a wuri guda, ga sawun kofato a jiƙaƙƙiyar ƙasa daga ciki, ƙarami, na maraƙi. Sawu ne kawai a bakin kunyar ƙarshe, bai shiga ciki ba. Na ce masa haka. Ya ce wanda muka gani ke nan, wanda ba mu gani ba fa? Daga ranar ya canza. Ya daina biyawa ta ruga da safe gaida Ardo. Idan shanu za su gangara gulbi sai ya bar jigo ya je ya tsaya bakin shinge da fartanya a kafaɗa har su wuce, yaran Ardo na gaishe shi yana amsawa da hanci. Ya hana matan gida sayen nono. Na tuna hantsin da matar Ardo ta tsaya a ƙofarmu ta yi kira, ta sake yi, ta ƙara. Inna na zaune tsakar gida da faifan gero a cinya, ba ta tashi ba, domin mai gandu ya yi magana. Muna ji muryar ta yi gaba, ta yi nisa. Inna ta dube ni ta ce in gaya wa wanda ya kamata, ita dai ba ta ga ganye ko ɗaya da saniya ta ci ba.

Magana ba ta zama wuri ɗaya a ƙauye. Bayan 'yan kwanaki muna ban ruwa sai ga Ardo da kansa, sanda a kafaɗa, ya biyo ta burtali. Bai tsallako shinge ba, daga waje ya tsaya ya yi sallama. Aka gaisa a tsaitsaye. Ya daɗe yana duban kunyoyin, sannan ya ce:

"Ɗan Malam, na ji ana wata magana. Na ce bari in taho in ji ta ga bakinka."

Yayana ya nuna masa tsirrai, ya nuna masa gibin, ya nuna wurin da ƙaya ta kwanta. Ya ce shi bai ce kowa ya yi ba, amma duk garkar ba inda ya lalace sai inda shanu ke bi, kuma mai ido ya gani.

Ardo ya ce, "Saniya in ta shiga wuri ba ta ɓoyewa. Gwada min reshe guda da anka karya."

Yayana ya ce ai ba sai an karya reshe ba, abin da ke cikin ƙasa ake magana, kuma yara suna da hannu. Da ya faɗi maganar yaran na ga fuskar Ardo ta sauya. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaya ko yayana na nufin 'ya'yansa sun yi sata. Yayana bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya sunkuya ya ci gaba da gyara bakin kunya. Ardo ya ɗan jira. Da ya ga ba amsa sai ya ce Allah ya ba da amfani, ya juya.

Kwana kaɗan bayan haka muka wayi gari ba kukan maruƙa. Na hau tudu na tarar da turaku a tuge, toka a murhu, rabin gonar bai sha taki ba. Aka ce sun yi wajen Dauran. Matarsa ta bar wa Inna ɗan man shanu a hannun wata maƙwabciya, ba saƙo.

Tafiyar shanun ba ta gyara kunyoyin bakin shinge ba. Yayana ya ce ɓarnar ta riga ta auku. Da muka tona, na wajen rijiya kowane gindi sai ka cika ƙwarya, na bakin shinge kuwa 'yan ƙwayoyi, wani gindin ma abin da ka binne ya fi abin da ka samu. Duk da haka abin ya karɓu a Ƙaura, aka riƙa yabon yayana, shi kuma yana cewa da ba don abin da aka yi masa ba da an ga aiki. Amma da damina ta zo gonar tudu ta faɗi nata. Inda shanu suka kwana gero ya yi kai, inda ba su kai ba ya tsaya iya ƙugu, ja-ja. Shekarar tun kafin sabon hatsi ya nuna muka ga gindin rumbu, Inna ta koma auna tuwon dare da ido.

Irin da muka ajiye bai kai ba, zafin bazara ya ruɓar da shi. Don haka da sanyi ya sake kusatowa muka koma bakin tasha, wannan karon har da ni. Mutumin yana nan, gajere, mai yawan dariya, irin dariyar da ban yarda da ita ba. Ya buɗe bakin buhu ya nuna manya. Na ce a zazzage shi ƙasa gaba ɗaya. Ya ce ba a haka. Na ce to a bar shi. Yayana yana hararata, amma na tsaya. Da aka zazzage a kan tabarma sai ga abin a fili: manya suka gangara gefe, na gindin buhu suka zubo a kai, ƙanana kamar kanya, tuli guda. Nan take na ga kaina bara, ina kai da kawowa da ƙwarya, dankalin yana ƙanƙancewa muna matsawa wajen shinge. Na tambayi mutumin ko ƙananan nan suna yi kamar manyan. Ya yi dariya ya ce ina, ai ɗan da aka binne shi ke ciyar da tsiron har ya yi saiwa. Babba yana da idanu da yawa da abinci da yawa, ƙarami ido ɗaya ne ko biyu, kafin ya leƙo sama ya ƙare. A wajensu, in ji shi, kamar ƙwan kaza ake nema. Na ce me ya hana ya faɗa mana bara. Ya ce ba mu tambaya ba. Na ce ƙananan fa, wa ya kai su gindi? Ya ce girgizar jirgi ce, kowane buhu haka yake isowa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Har yau ban sani ba ko jirgi ne ya jera su ko hannu, kuma har yau ba na sayen abin da ke cikin buhu sai na ga gindinsa.

A hanya yayana ya ce maganar 'yan kasuwa ce, kowa da abin da zai kare kansa. Ban yi gardama ba. Na roƙe shi abu ɗaya, ya bar ni in raba irin da kaina. Na ware manya na kai su bakin shinge, inda aka ce ƙasa ta mutu. Ƙananan na binne su a gindin rijiya, wurin da ya fi kowane samun ruwa. Shekarar ba saniyar da ta kwana kusa da mu, burtalin ma ciyawa ta fara rufe shi.

Ba a daɗe ba garkar ta juye. Bakin shinge ya yi duhu da ganye, gindin rijiya ya fito da 'yan sanduna da gibi, daidai irin na bara. Yayana ya riƙa zuwa yana tsayawa tsakiya, ya dubi nan, ya dubi can. Da farko ya ce ai dole bakin shinge ya yi kyau tunda ba shanu. Na ce to na gindin rijiya fa, wace saniya ta taka su? Kwana da kwanaki ba ya cin abincin kirki. Ranar da muka tona, Inna ta sa aka kawo mata ƙwarya biyu, ɗaya daga kowane gefe, ta ajiye su a gabanta. Sai ta yi abin da ban taɓa gani ba. Ba ni ta duba ba, shi ta duba, ta ce:

"Ka san hanyar Dauran."

Muka zaɓi mafi kyau muka cika mangala, muka kama hanya da jaki tun da sassafe. Sai da muka yi ta tambaya kafin mu sami rugar, a gonar wani manomi, can gaba da garin. Ardo ya tarbe mu kamar ba abin da ya faru. Aka shimfiɗa mana agalemi a inuwa, matarsa ta dama fura da nono mai yawa, ta tambayi ƙafar Inna. Aka yi hirar ruwa, aka yi hirar ciwon shanu. Yayana yana ta juya ludayi a ƙwarya. Sai da rana ta karkata sannan ya sauke mangalar a gaban Ardo, ya ba shi labarin buhu da gindinsa, da yadda muka juya garkar. Ya ce ya ɗora wa 'ya'yansa abin da ba su yi ba, a yafe masa.

Ardo ya ɗauki dankali guda ya auna a tafin hannu. Ya ce ya yafe tun ranar, don Malam mahaifinmu. Sannan ya ce:

"Sawun da kag gani na maraƙina na. Ya tura ƙaya ya sa ƙafa, ni da kaina nik kore shi, nim mai da ƙayar. Ranar da nit taho, shi niz zo in gaya maka. Ba ka tambaye ni ba, sai kak kawo maganar yara."

Yayana ya sunkuyar da kai. Can ya ce gonar tana nan, karan bana ma ba a taɓa ba, Baffa ya dawo gida.

Ardo ya dubi mangalar, har na ɗauka zai yarda. Sai ya ce ya riga ya yi wa mai wannan gonar alkawari. Ya ce kuma ko ba haka ba, in ya koma, duk ranar da maraƙi ya matsa kusa da shinge sai ya ɗaga kai ya dubi fuskar yayana, shi ma yayana sai ya dubi tasa, kuma ya tsufa da irin wannan zama. Ya karɓi dankalin, ya sa aka ɗaura mana ƙwaryar man shanu a kan jaki, ya raka mu har bakin hanya yana sa mana albarka.

Muka kamo hanya har muka iso gida. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ta share gefen da matar Ardo ke zama, ta fito da faifan gero ta ajiye. Ta dubi man shanun, ta dube ni, ta tambaya yaushe za su taso. Yayana ne ya amsa, yana kwance igiyar jaki, bai ɗago ba.

"Inna, a ɗinke tsohuwar mangala. Bana da jaki za mu kai taki."